Amsa ga mai tambaya kan Spitfire ɗin da ke ɗaga hanci

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ga bidiyon da ka turo na ƙaramin samfurin jirgin saman yaƙi Spitfire da ka haɗa, na kuma ji kana tambaya ko ka sauya masa injin lantarki mafi ƙarfi, tunda da zarar ya bar ƙasa sai ya ɗaga hanci sama, ya yi tangal-tangal, ya kife ta gefen fiffike ɗaya. Kada ka ɓata kuɗinka a kan inji, domin jelar jirginka ce ta yi nauyi, kuma babban inji zai ƙara masa saurin faɗuwa ne kawai.

Dalilin yana cikin jirgin na ainihi. Spitfire ya fara tashi a Ingila a watan Maris na 1936, kuma yana ɗauke da injin Merlin na Rolls-Royce mai silinda 12 da lita 27, wanda nauyinsa ya haura kilo 600. Saboda wannan nauyi aka yi masa gajeren hanci da doguwar jela. Kai kuma ka kwaikwayi surar ka rage ta zuwa kashi 1 cikin 10, fiffiken da ya kai mita 11 da ɗoriya ya koma mita ɗaya da 'yan kai, amma abin da ka sa a hancin bai taka kara ya karya ba. Duk giram ɗaya da ka ƙara a jela, sai ka biya shi da giram uku ko huɗu a hanci, kuma na ga irin gam da fentin da ka laɓta a can baya.

Ga yadda za ka gwada. Ka sa batir a mazauninsa, ka ɗaura farfela, ka rufe komai kamar yanzu za a tashi. Ka auna faɗin fiffike a inda ya haɗu da jiki. Idan santimita 25 ne, ka yi alama da biro a santimita 6 zuwa 7 daga bakin gaba, hagu da dama. Tunda fiffikensa a ƙasan jiki yake, ka juya jirgin ciki sama, ka ɗora shi a kan yatsunka biyu daidai alamomin. Ana so ya tsaya sak, ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Jirgin da hancinsa ya ɗan rinjaya zai tashi, sai dai ya sauka da gudu. Wanda jelarsa ta rinjaya kuwa ba ya jin umarni ko kaɗan.

Shi ya sa na sha faɗa a wannan zaure cewa mai koyo ya fara da Super Tucano, irin guda 12 da sojojin saman Najeriya suka karɓa a 2021. Injinsa PT6 bai kai Merlin nauyi ba, don haka aka miƙa hancinsa gaba sosai, kuma wannan dogon hanci ya bar wa mai haɗa ƙaramin samfuri wurin da zai tura batir ya sami daidaito ba tare da ƙarin komai ba. Na faɗa a bara, aka ce ina sanyaya wa yara gwiwa, aka ce Spitfire ya fi kyau a hoto. Ya fi kyau, ban musa ba, amma Tucano yana da taya a hanci, ba ya dungure wa mutum a wajen sauka. To, a bar wannan zance, tunda ka riga ka haɗa.

Da na ce a biya nauyi a hanci, ba ina nufin ka ruga ka cusa dalma ba. Ka fara kankare gam da fentin jela, ka matso da ƙananan injinan da ke juya jela zuwa gaba, sannan ka tura batir har ya taɓa bangon inji, ka ɗaure shi kada ya zame a sama. Idan duk da haka bai daidaita ba, ka nemi dalmar da masu balansin taya ke mannawa, ka liƙa giram biyar-biyar a can ƙarshen hanci kana sake gwadawa. Daga nan ka riƙe shi ta tsinin hanci da ƙarshen jela ka ga ko wani fiffike yana rinjaya kamar mangalar da aka cika gefe ɗaya. Idan haka ne, ɗan ƙusa a bakin fiffiken da ya fi sauƙi ya wadatar. Ka turo hotonsa a kan yatsunka kafin ka sake fita fili, da cikakken nauyinsa a sikeli.