Ɗiyata, ga amsar tambayarki kan marubucin da ya ɓoye sunansa

Ɗiyata, saƙonki ya iso, na kuma ji daɗi da karatu ke tafiya lafiya. Allah ya ƙara basira. Na ɗan jinkirta ne don tambayar taki ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Kin ce an ba ku Walter Scott a aji, kin ga ya yi shekara 13 yana fitar da littattafan jarumtaka na tarihi babu sunansa a jiki, kuma da karayar arziki ta same shi ya ƙi karɓar sassaucin da doka ta tanadar wa wanda bashi ya kayar. Kina so ki sani: al'adar mutanensu ce haka, ko kuwa taurin kan mutum ɗaya ne?

Kowane ɗaya akwai al'ada a ciki, akwai kuma halin mai shi. Amma sai kin san yaron kafin ki gane dattijon.

An haife shi a Edinbura, babban birnin Sikotlan, a 1771, ɗan lauya. Bai cika shekara biyu ba shan-inna ta taɓa masa ƙafar dama, har ya mutu yana ɗingishi. Aka kai shi gonar kakansa a Sandyknowe, can wajen iyaka da Ingila, ko iskar ƙauye za ta yi masa magani. Yaron da ba ya iya bin sa'o'insa da gudu, ina zai zauna in ba gindin tsofaffi ba? Gwaggonsa Jenny ta koya masa karatu, aka cika masa kunne da waƙoƙin maharan kan iyaka, masu kore shanun maƙwabta da dare. Daga baya ya bi ƙauyuka yana tattara waɗannan waƙoƙi daga bakin masu su, ya fara buga su a 1802. To kin ga, tun asali aikinsa ke nan, ya kama abin da ke shirin ɓacewa kafin tsoho na ƙarshe ya tafi da shi.

Batun ɓoye suna, lalle al'ada ce a Birtaniyar wancan zamani. Waƙa ita ce aikin manya. Ƙagaggen labari kuwa kallon abin kashe lokaci ake yi masa, mai mutunci ya karanta a ɗaki amma bai cika son a ce shi ya rubuta ba. Ko Jane Austen da ta fitar da littafinta na farko a 1811, abin da aka sa a bango kawai shi ne wata mace ce ta rubuta. Shi kuwa Scott alƙalin gundumar Selkirk ne tun 1799, kuma magatakarda a babbar kotun Sikotlan tun 1806. Waƙoƙinsa da sunansa ya fitar da su, ya yi suna da su sosai. Da ya zo fitar da Waverley, ƙagaggen labarinsa na farko, a 1814, sai ya ga bai dace a ce ma'aikacin kotu na zaune yana ƙaga labari ba.

Nan al'ada ta tsaya, daga nan kuma halinsa ne. Littafin ya karɓu, abin kunya ya kau, amma ya ƙi fitowa, don ɓuyan ya zame masa wasa mai daɗi. Littattafan da suka biyo baya sai a rubuta "na marubucin Waverley". Wasu ma ya ƙago wani malamin makarantar ƙauye ya ce shi ya tattaro su. Ana sa wani ya kwafe rubutun kafin a kai maɗaba'a, don kada ma'aikata su gane hannunsa. Abin da ya fi ba ni dariya, a 1817 ya taimaka wajen rubuta sharhi a kan littafinsa a wata mujalla, ba suna, har yana ɗan kushe marubucin. Mutanen Edinbura da yawa sun gane, ana dai yi masa kara ne.

Kada ki wuce abin da ke cikin littafin nan na farko, don nan tunaninsa yake. Labarin tawayen 1745 ne, lokacin da mutanen tsaunukan arewa suka bi Charles Edward Stuart don maido da gidan su Stuart kan sarautar Birtaniya, aka murƙushe su a yaƙin Culloden a 1746. Scott ya zauna da tsofaffin da suka yi wannan yaƙi, ya ji daga bakinsu. Amma bai ɗauki jarumin labarinsa daga cikinsu ba. Ya ɗauko wani saurayi sojan Ingila mai rawar kai, wanda kyan tsohuwar rayuwa ya ja shi ya shiga tawaye, daga baya ya dawo gida ya yi aure ya zauna lafiya. Ina saurayi wannan ya ba ni haushi, na ce wane irin jarumi ne wannan. Sai da gemu ya yi fari na gane. Zuciyar Scott tana tare da masu takobi, da amanarsu da biyayyarsu ga shugaban dangi, amma kansa na lauya ya san wannan rayuwa tana tafe da ramuwar gayya da zubar da jini, kuma kwananta ya ƙare. Bai roƙi ta dawo ba. So yake a yi mata jana'iza ta mutunci, a kuma tuna sunanta.

Bari in ɗan kauce, tunda al'ada kika tambaya. Bayan Culloden an hana tufafin mutanen tsauni da doka a 1746, ba a ɗage ba sai 1782. A 1822 Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbura, Scott ne ya tsara bikin, ya cika gari da wannan zane mai ratsi-ratsi da mazansu ke ɗaurawa, har shi sarkin ya ɗaura. Mutanen birni da kakanninsu ba su taɓa sa shi ba suka yi ta neman ɗinki. Yau duniya na ganinsa tufafin duk ɗan Sikotlan tun fil azal. Idan an ce miki abu al'ada ne, ki riƙa tambayar yaushe aka fara shi.

Sai bashin. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma nasa ya kai sama da fam 120,000, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani. Kasuwar kuɗi ta rushe a Landan a ƙarshen 1825, a Janairun 1826 kamfanin Constable mai buga littattafansa ya faɗi, ya ja maɗaba'ar Ballantyne, sai ga shi ashe Scott abokin tarayya ne a cikinta a ɓoye shekara da shekaru. Doka ta ba shi hanyar da 'yan kasuwa ke bi, a bayyana shi karyayye, a raba abin da aka samu, a yafe saura. Abokai suka yi tayin taimako. Duka ya ƙi, ya ce hannunsa na dama ne zai biya, wato da rubutu. A ganinsa shi dattijon gida ne mai suna, kuma a al'adar irinsu wanda aka yafe wa bashi ya tsira da aljihu ya bar mutuncinsa a kotu.

Ba zan wanke miki shi tas ba. Shi ya haƙa ramin da hannunsa. Tun 1811 da ya sayi gona a bakin kogin Tweed yake ta ƙara fili yana gina Abbotsford, gida kamar fada, cike da tsofaffin makamai da littattafai, yana cin kuɗin littafin da bai ma rubuta ba tukuna. Mai ba da labarin sarakunan dangi ya so shi ma ya zama ɗaya. Kuma hanyar da ya zaɓa ta bar shi cikin ɗakin karatunsa, wanda da an bi ɗaya hanyar da an yi gwanjonsa. Duk da haka, abin da ya biyo baya ba wasa ba ne. Matarsa Charlotte ta rasu a Mayun 1826, bai ajiye alƙalami ba. Ya fitar da tarihin Napoleon mujalladi tara a 1827, cikin shekara biyu ya samar wa masu binsa kusan fam 40,000. Littafin da yake rubuta tunaninsa na kullum, wanda ya fara a Nuwamban 1825, ni a wurina ya fi duk labaransa. Za ki ga tsoho na lissafin shafin da ya rubuta yau, yana yi wa kansa faɗa in ya yi kasala, yana ɓoye hawaye daga mutanen gida.

Ki lura da lokacin da ya fito fili. Duk shekarun da littattafan ke kawo yabo da kuɗi, ya bar su ba uba. Da suka zama jinginar bashi, asiri ya riga ya tonu a takardun masu bin kuɗi, sai ya miƙe a wata liyafa a Edinbura a Fabrairun 1827 ya ce shi ne, shi kaɗai.

Jikin bai ɗauka ba. Shanyewar ɓarin jiki ta fara taɓa shi a 1830, aka kai shi Malta da Italiya neman sauƙi, ya matsa a maido shi gida. Ya rasu a Abbotsford ranar 21 ga Satumba 1832, yana da shekara 61. Ragowar bashin da kuɗin haƙƙin littattafansa aka ƙarasa biya a 1847.

In za ki karanta Waverley, ki yi haƙuri da babobin farko, tafiyar hawainiya suke yi, sai saurayin ya isa tsauni labari ke tashi. In kin gama ki rubuto mini ra'ayinki a kan jarumin, ina so in ji ko ke ma zai ba ki haushi. Ki gaida mahaifiyarki.

Kawunki.