Tambaya da Amsa: Neman Asalin Kakan da Ya Bar Jamus Ya Zama Manomi a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Wisconsin ta Amurka, kuma matata 'yar nan ce, amma danginta Jamusawa ne a asali. Abin da ya rage a hannunsu game da kakan kakanta shi ne wani tsohon hoto, da littafin addu'a mai rubutun hannu a cikin bangonsa wanda babu mai iya karantawa, sai kuma labarin da suka gada cewa manomi ne, kuma a tsibirin Ellis aka canza masa suna. 'Ya'yanmu sun san tsatsona saboda kakata ta haddace mana shi, ina so su san na mahaifiyarsu ma. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Wisconsin.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, shawarar farko ita ce kada ka fara daga Jamus, ko da yake can hankali yake fara tafiya. Jamus ba ta da wani kundi guda da aka tara sunayen duk waɗanda aka haifa a wancan zamani, domin kowane ƙauye a cocinsa ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Hasali ma kafin 1871 babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus, sai masarautu irin su Prussia da Bavaria da Württemberg. Saboda haka duk aikin da ke gabanka neman abu ɗaya ne, wato sunan ƙauyen da aka haifi mutumin, kuma galibi a takardun Amurka ake tsintar wannan suna.

Maganar canza suna a Ellis, tashar tantance baƙi masu shigowa ta New York, kuwa, kusan kowane gida yana da irinta, amma ba ta da tushe. Ba a buɗe wurin ba sai a 1892, alhali tururuwar Jamusawa ta kai ƙololuwa tun a 1854 da kuma 1882, shekarar da Jamusawa kusan 250,000 suka shiga Amurka. Waɗanda suka sauka a New York tsakanin 1855 da 1890, ta Castle Garden, tashar karɓar baƙi da ta gabaci Ellis, suka bi. Ko a Ellis ɗin ma, jami'ai suna duba jerin sunayen da aka riga aka rubuto daga tashar da jirgi ya taso ne. Mutane da kansu suke sauya suna daga baya, Müller ya koma Miller, Schmidt ya koma Smith, musamman bayan 1917 da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, sunan Bajamushe ya zama kaya mai nauyi. Ka kuma lura cewa a gida ɗaya ana iya samun 'yan'uwa uku duk suna farawa da Johann, amma da suna na biyu ake kiran kowa, don haka wanda aka yi wa baftisma da Johann Friedrich yana iya bayyana a Amurka a matsayin Fred.

Ka fara da ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk bayan shekara goma, kana komawa baya daga mutumin da matarka ta sani. Tun daga 1850 ake rubuta sunan kowane mutum a gida, ban da bayi, kuma ta 1900 tana da daraja ta musamman domin ta tambayi shekarar da mutum ya shigo ƙasar. Kada ka wahalar da kanka kan ta 1890, gobara ta lalata mafi yawanta a 1921. Dandalin FamilySearch yana ba da damar duba yawancin waɗannan takardu kyauta.

Kasancewarsa manomi sa'a ce a gare ka, domin mai gona yana barin sawu fiye da ɗan ƙodago da ke yawo daga gari zuwa gari. Daga 1850 zuwa 1880 ana haɗa ƙidayar da wata takarda ta daban game da gonaki, kuma a ganina babu takardar da ta kai ta nuna yadda mutum ya rayu. A layi ɗaya za ka ga eka nawa ya share, nawa ke nan daji, dawakinsa, shanun tatsarsa, yawan alkamar da ya girbe, har da nauyin man shanun da gidansa ya kaɗa a shekara. Idan ka ajiye takardar 1870 kusa da ta 1880, sai ka ga da idonka ko gonar ta bunƙasa ko ta tsaya cik. Dokar Homestead ta 1862 ta ba da eka 160, kimanin hekta 65, ga wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar, da sharaɗin ya zama ɗan ƙasa ko ya bayyana niyyar zama, kuma irin waɗannan fayiloli suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Washington. Sai dai Jamusawa da yawa sayen gonakinsu suka yi, don haka ka leƙa ofishin rajistar filaye na gundumar da ya zauna, ka kuma nemi takardun rabon gadonsa.

Takardar zama ɗan ƙasa ba ta cika biyan bukata ba idan ta girmi 1906, domin sau da yawa iyakarta ta ce mutum ya yi watsi da mubaya'arsa ga Sarkin Prussia. Inda aka fi dacewa shi ne littafin cocin da ya yi ibada, na Lutheran ko na Katolika, saboda limaman Jamusawa kan rubuta mahaifar mamaci a rajistar jana'iza. Dutsen kabari da sanarwar rasuwa a jaridun Jamusanci na yankin su ma sukan faɗa. In duk sun yi shiru, ka bincika maƙwabtansa, domin mutanen ƙauye ɗaya sukan bi juna, wasiƙar wanda ya riga zuwa tana janyo na baya.

Game da jirgin ruwa, idan ta Hamburg ya taso ka yi dace, domin jerin fasinjojinta daga 1850 zuwa 1934 yana nan, kuma yana nuna garin da mutum ya baro. Na Bremen kuwa, an lalata yawancinsa saboda ƙarancin wurin ajiya, yaƙi kuma ya ci wani kaso.

Da zarar ka sami sunan ƙauyen, ka duba shi a kundin garuruwa na Meyers na 1912, wanda ke intanet, don ka san gundumarsa. Littattafan coci na Furotesta suna dandalin Archion, na Katolika kuma a Matricula, rajistar gwamnati kuwa ba ta game ƙasar ba sai a 1876. Kada ka yi mamaki idan ƙauyen ya faɗo cikin Poland, domin Wisconsin ta karɓi mutane masu yawa daga Pomerania, wani yanki na masarautar Prussia, kuma bayan 1945 babban ɓangaren yankin ya koma can, har birnin Stettin ya zama Szczecin. A littafin cocin ne kuma za ka iya hango dalilin tafiyarsa, domin ana rubuta sana'ar uba. A kudu maso yamma gado ne ke yanyanka gona har ta kasa ciyar da kowa, a yankuna da dama na arewa kuwa ɗa ɗaya ke gaje ta duka, sauran su zama 'yan ƙodago.

Amma kafin duk wannan, Malam, ka koma kan littafin addu'ar nan. Mai yiwuwa rubutun da ya gagare ku tsohon salon rubutun hannu ne da ake kira Kurrent, wanda yawancin Jamusawan yau ma ba sa iya karantawa, kuma a irin wannan shafi ne mutane suka saba rubuta suna da kwanan wata da garinsu. Ka ɗauki hotonsa a wuri mai haske, ka kai wa ƙungiyar masu binciken tarihi ta gundumarku, su haɗa ka da wanda ya iya karanta shi.