Ki shiga, ko da binciken bai kammala ba

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki: jami'arku ta buɗe karɓar tsakure, wato taƙaitaccen bayanin bincike, domin taron gabatar da binciken ɗaliban manyan digiri, ke kuma kina tsakiyar mastas, rabin bayananki kawai kika tattara, kina tsoron malamai su yi miki kaca-kaca a bainar jama'a. Kin kuma tambaya ko fosta ta fi ko jawabi. Na bari sai da na samu natsuwa kafin in amsa, don sau uku na shiga irin wannan taro, biyu ina digiri na biyu, ɗaya ina digirin digirgir.

Ki shiga. Ai domin irinki ake shirya shi. Wanda ya riga ya kare kundinsa, me za a gaya masa ya gyara? Ke da aikinki yake ɗanye ce tambaya za ta yi wa rana. Abin da kawai nake roƙonki, ki faɗi gaskiya a tsakuren: sakamakon farko ne, daga mutum kaza cikin adadin da kike son kaiwa. Kada ki yi alkawarin abin da ba ki gano ba tukuna.

Bari in gaya miki dalilin da ya sa na dage a kan haka. A tarona na biyu fosta na kai. Ina tsaye kusa da ita, ƙafafuna sun gaji, sai ga wani dattijon malami daga sashen ƙididdiga, wanda ba ruwansa da fannina. Ya ɗaga gilashinsa, ya sa yatsa a kan ɗan akwatin da na rubuta hanyar tattara bayanai, ya ce, "Ta waya kika aika wa mutane tambayoyin?" Na ce e. Ya ce, "To waɗanda ba su da waya fa, wa ya amsa musu?" Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Wata takwas ina kan aikin, mai duba aikina ya karanta babin sau biyu, babu wanda ya lura, saboda idanunmu sun saba da shi. Na koma na ƙara tattara bayanai baki da baki, sakamakon kuwa ya sauya. Da a ranar kare kundi mai jarrabawa na waje ya yi mini wannan tambaya, da ba gyaran wata biyu zan yi ba.

Shi ya sa a matakin da kike nake ganin fosta ta fi miki. A jawabi tambaya biyu ko uku za a yi miki cikin minti 5, a tafa, a kira na gaba. A fosta kuwa awa ɗaya ko biyu za ki yi kina hira da mutane ɗaya bayan ɗaya, har mai jin nauyin ɗaga hannu a zaure zai matso ya faɗa miki abin da ya gani. Yawanci girman A0 ake nema, wato santimita 84.1 da 118.9, amma ki duba ko a tsaye suke so ko a kwance kafin ki kai bugu. Kada ki kwashe kundin ki zuba a kanta. Ki ja baya taku uku. In ba ki iya karanta kanun ba, rubutun ya yi ƙanƙanta.

In kuma jawabin aka ba ki, lokaci ne babban abokin gabarki. A karona na farko minti 12 aka ba ni, na zo da silaid 30. Ina cikin bitar ayyukan magabata mai kula da lokaci ya ɗaga kati, saura minti 2, ban ko shiga sakamako ba. Abin da na yi wata da watanni ina wahala a kansa, a guje na wuce shi, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Bitar magabata silaid ɗaya ya ishe ta. Ki fara da matsalar, ki faɗi yadda kika bi, ki ba sakamako rabin lokacin. Ki gwada da baki, da agogo a gabanki, gaban wanda ba ɗan fanninku ba. Akwai gasar da Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara a 2008, wadda jami'o'i da yawa a duniya suka ɗauka: minti 3, silaid ɗaya tak da ba ya motsi, ɗalibi ya bayyana bincikensa duka. Ko ba a yin ta a wurinku, ki gwada ta a ɗaki, za ta nuna miki inda kike kame-kame.

Maganar tsoron tambayoyi kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu wanda ya kai ki sanin aikin nan a zauren. In an tambayi abin da ba ki duba ba, ki ce, "Ban kai nan ba tukuna, Malam, amma zan duba," ki rubuta a gabansa. Ƙage amsa ne ke jawo wa ɗalibi kunya, don wanda ya yi tambayar sau da yawa ya san amsarta.

Kafin ki tura komai, ki nuna wa mai duba aikinki, domin sunansa zai fito tare da naki. Ki tabbatar kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ki izini in da mutane kike aiki, kada kuma suna ko fuskar wani ta fito ba da yardarsa ba. In akwai ƙirƙira a aikin da za a iya yi wa rajistar mallaka, ku yi shawara tun yanzu, don a Turai bayyana ta a fili kafin neman rajista na iya kashe damar, Amurka kuwa tana ba da wa'adin shekara ɗaya bayan bayyanawar.

Ki ajiye silaid ɗinki a filashi, ki ƙara da kwafin PDF, saboda kwamfutar zaure kan hargitsa rubutu. In kin rubuta tsakuren, ki turo shi nan kafin a rufe karɓa, zan duba miki in Allah ya so.