Zazzaɓin Rift Valley: tambayoyinku da amsar likita

Wani mai kiwo daga Mai Wurno, jihar Sinnar a Sudan: Likita, bayan ruwan da aka tafka tumakina sai ɓari suke yi, 'ya'yan kuma suna mutuwa. Abin zai iya shafar mutane?

Malam, zai iya. Ɓari da yawa a garke lokaci guda, bayan ruwa ya kwanta, shi ne alamar farko ta zazzaɓin Rift Valley. Ƙwan sauron da ke ɗauke da ƙwayar cutar yakan shekara da shekaru a busasshiyar ƙasa, ruwa na rufe shi sai ya ƙyanƙyashe, sauron ya bi dabbobi. Mutane kuwa galibi ta hannu suke ɗauka: yanka, fiɗa, taimaka wa tunkiya haihuwa, ɗaukar ɓari da mahaifa. Kada ka taɓa su sai da safar hannu ta roba, ko leda biyu in babu. Ka rufe hanci da baki, ka binne su da zurfi yadda kare ba zai tono ba, ka wanke hannu da sabulu. Dabbar da ba ta da lafiya kada a yi saurin yanka ta don gudun asara, nan ne mahauta suke kamuwa. Ka sanar da likitan dabbobi yau. Annobar 2007 zuwa 2008 da ta taɓa jihohin Jazira, Sinnar da Farin Nilu ta kama mutum 738, 230 suka rasu.

Wata uwa daga Wad Madani: Yaya zan bambanta shi da maleriya?

Hajiya, da ido ba za ki iya ba, sai gwajin jini. Ciwon yana fitowa kwana 2 zuwa 6 bayan kamuwa, da zazzaɓi, ciwon kai da na gaɓoɓi, kuma yawancin mutane suna warkewa cikin mako. Mai zubar da jini bai kai 1 cikin 100 ba, amma kusan rabin waɗanda ya kama ba sa tashi. In ido ya yi rawaya, ko aka ga jini a amai, bayan gida, hanci ko dasashi, a tafi asibiti nan take. Kada a ba mara lafiyar asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. Wanda ganinsa ya dushe mako 1 zuwa 3 bayan zazzaɓin shi ma ya ga likita.

Wani matashi daga Gadarif: Nono da nama fa? Kuma akwai rigakafi?

A tafasa madara, a dafa nama ya nuna har ciki. Ɗanyar hanta da tumbi, wato marara, a haƙura da ita. A kwana cikin gidan sauro. Ba a tabbatar da cewa mutum yana sa wa mutum ba. Rigakafin mutane bai shiga kasuwa ba tukuna. Na dabbobi akwai, amma kafin annoba ake yi, domin in ta ɓarke yi wa dabbobi da yawa allura da tsinke ɗaya yana iya yaɗa cutar a garke.