Tambaya da Amsa: Tsagaita Wutar 1914 da Baikon Kirsimeti

Tambaya: Fastonmu ya ce a Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji sun ajiye bindiga ranar Kirsimeti, har suka gaisa da abokan gaba. Gaskiya ne? Zumuntar matanmu kuma na son tara baiko domin mabukata don tunawa da wannan. Ta ina za mu fara?
Wata mai karatu daga Kafancan

Amsa: 'Yar'uwa, gaskiya fasto ya faɗa. Abin ya faru a daren 24 ga Disamba 1914 zuwa washegari, a wasu sassan fagen daga na Beljiyam da arewacin Faransa, musamman tsakanin sojojin Birtaniya da na Jamus. Ba shugabanni suka shirya shi ba. Paparoma Benedict na 15 ya roƙi a tsagaita wuta tun farkon watan, gwamnatoci suka yi kunnen uwar shegu. Ƙananan sojoji ne suka fara: Jamusawa suka kunna kyandir a bakin ramukansu suna waƙoƙin Kirsimeti, ɗaya ɓangaren ya amsa da nasa. Da gari ya waye aka fito tsakiya, aka yi musayar taba da abinci da maɓallan riga.

An fi ba da labarin ƙwallon da aka buga, amma aikin da ya fi nauyi shi ne binne gawawwakin da suka yi makonni a yashe tsakanin ramuka. Kusa da garin Fleurbaix na arewacin Faransa an yi jana'iza ta haɗin gwiwa, aka karanta Zabura 23. A wasu wurare kuwa harbi bai tsaya ba ko na awa guda. A 1915 kwamandoji suka hana da kakkausar murya, yaƙin ya ci gaba har 11 ga Nuwamba 1918.

Batun baiko, shawararmu ita ce kada ku ƙarar da shi a rana ɗaya. A Disamba rumbu bai daɗe da cika ba. Yunwa tana tsananta ne daga Yuni zuwa Agusta, kafin sabon amfani ya shigo. Ku raba kashi ɗaya a Kirsimeti, tare da barguna saboda hunturu, sauran ku ajiye wa damina.

Ku fara da jerin sunaye kafin kuɗi. Mata biyu ko uku su zaga gida-gida a asirce, su rubuta yawan bakin da ke ci a kowane gida. In aka yi shela daga bagade, mai baki ne zai samu, gwauruwa mai kunya ta koma hannu wofi. Irin wannan ƙorafi ne ya sa aka zaɓi mutum bakwai a Ayyukan Manzanni sura 6. Maƙwabcin da ba Kirista ba ma ya shiga jerin. Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri.

Ma'aunin da masu agaji ke bi kusan giram 400 ne na hatsi ga mutum ɗaya a rana, wato kilo 12 a wata. Gida mai mutum shida zai ci kilo 72, ban da wake da mai da gishiri. To, buhu ɗaya ga gida ashirin abincin kwana biyu ne kacal. Gara ku ɗauki gidaje kaɗan ku tallafe su sosai.

Ku sayi hatsi da kaka, lokacin da yake da araha, ku tabbatar ya bushe: ƙwayar masara ta fashe ƙas in an cije ta. Mai danshi yana yin fumfuna. Wake kuwa a zuba shi a buhun PICS, wato buhun ajiya mai ninki uku da ke hana iska shiga, a matse iska a ɗaure kowane ninki daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Huda ɗaya ta ɓera ta isa ƙwari su farfaɗo.

Kuɗi kada ya kwana a hannun mutum ɗaya. Biyu su ƙirga, ta uku ta rubuta, a karanta wa zumunta rahoto. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, kamar yadda 2 Korintiyawa 8:18-21 ta nuna. Ranar rabo kuma ku kai kaya gida da yamma, kada a jera mutane a harabar coci ana ɗaukar su hoto don Facebook.