Amsa ga ƙanena na Ngaundere mai son karatun noman tsoka

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka gama ENSAI, makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Ngaundere, a fannin sarrafa abinci, kana son zuwa Turai ka koyi yadda ake raya tsokar mutum a ɗakin bincike, amma kana fargaba tunda ba likita ba ne kai. Kwantar da hankalinka. Robert Langer, wanda shi da likita Joseph Vacanti suka fito da fannin fili a 1993, injiniyan sinadarai ne.

Ƙwayoyin halitta ba sa zama tsoka sai sun samu abin kamawa, shi ne muke gina musu. Galibi dunƙule ne mai laushi wanda kusan duk ruwa ne. Muna yin sa da gelatin, abin nan da ke daskarar da romon ƙafar saniya in ya kwana, ko da aljinet na ciyawar teku: ka ɗiga shi cikin ruwan kalsiyam, nan take ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo. Wannan ai aikinku ne a Dang, inda makarantarku take. Taurin dunƙulen kuwa ba wasa ba ne. A 2006 ɗakin binciken Dennis Discher ya nuna ƙwayoyin asali (waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki) iri ɗaya suna karkata zuwa na jijiya a kan mai laushi, zuwa na ƙashi a kan mai tauri.

Amma don Allah kada ka zo da burin haɗa ƙoda cikin shekara uku. Iskar oksijin ba ta ratsa tsoka fiye da wajen maikiromita 200, kaurin gashi biyu ko uku. Da tsokar ta yi kauri babu hanyoyin jini, tsakiyarta sai ta mutu. Nan kowa ya tsaya, nan kuma ake neman hannu. Fata da guringuntsi sun fi sauƙi.

Gelatin ɗin da aka fi amfani da shi na fatar alade ne. Akwai na saniya da na kifi, ka tambaya tun wuri.

Batun kuɗi, Jamus na neman mai son bizar karatu ya ajiye Yuro 11,904 a rufaffen asusu na shekara guda, wajen sefa miliyan 7.8. Kada ka sa Baba ya sayar da shanu. Ka nemi tallafin karatu na DAAD ta Jamus ko Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, ka dage da Turanci ko da Faransa za ka, domin da shi ake rubuta binciken. Turo min takardun sakamakonka in duba kafin ka rubuta wa kowane farfesa. Ka gaida su Inna.