Wane inji ya dace da wasan da abubuwa ke karo da juna?

Malam, tambayarka ita ce wane inji, wato manhajar ƙera wasanni, za ka gina wasan tseren mota a kai, yadda karo da faɗuwa za su fito kamar gaske ba tare da wasan yana sarƙewa ba.

In don wayar Android ne, ɗauki Unity: da harshen kwamfuta na C# ake rubutu, sashensa PhysX ke lissafin karo da motsi a 3D, Box2D na 2D. Godot kyauta ne, ba shi da nauyi, kuma tun sigar 4.4 ya zo da Jolt, mai lissafin karo a 3D. Unreal da Chaos ɗinsa, wato nasa mai lissafin karon, sai kwamfuta mai ƙarfi, ban ba sabon shiga shawararsa ba.

Amma ba injin ne ke kayar da mutane ba, lokaci ne. Hoto 60 a daƙiƙa na nufin milidaƙiƙa 16.7 kacal gare ka kan kowane hoto. A Unity, sa lissafin motsi cikin FixedUpdate, sashen rubutun da ke gudana duk daƙiƙa 0.02; in ka sa shi cikin Update, wanda ke gudana da kowane hoto, motar za ta canza hali daga waya zuwa waya. Abu mai tsananin gudu kan ratsa siririn bango, sai ka kunna Continuous, wato duba karo ba yankewa, a Rigidbody, sashen da ke ba abu nauyi da motsi. Jikin karo kuwa, wato surar da injin ke duba karo da ita, akwati ya fi cikakkiyar surar mota sauƙin lissafi.

In 'yan wasa za su haɗu ta intanet, nemi wanda ya ƙware a wannan fannin, domin PhysX ba ya tabbatar da sakamako iri ɗaya a na'urori daban-daban.